Kafin Ka Sayar da Gona Don Bizar Aiki

Da wuya a yau ka shiga wata unguwa a Kano ko Katsina, ko Maraɗi ko Damagaram, ba ka tarar da gidan da ake tara kuɗin biza ba. Wani ya sayar da babur ɗinsa, wata ta kai sarƙar zinarenta kasuwa, wani kuma gefen gonar gado aka yanka aka sayar saboda shi. Duk wanda ka tambaya zai ce maka akwai ejan da ya yi alkawarin samo masa bizar aiki zuwa Saudiyya ko Dubai ko Katar, masu takardun boko kuma Birtaniya ko Kanada. Ni ban ga laifin mai son fita ba. Wanda ya ga yadda Naira ta zube tun daga 2023, ya kuma ga abin da riyal dubu ɗaya ke komawa idan aka canza shi a Wapa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke aikowa gida a shekara ya kai wajen dala biliyan 20, kuma da shi ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti a gidaje masu yawan gaske.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu wannan fafutuka sun ɗauka bizar aiki saya ake yi, wanda ya fi kuɗi ya riga kowa samu. A kusan duk ƙasashen da mutanenmu ke nufa, tsarin ya saɓa da haka. Maganar tana farawa ne daga wani kamfani ko asibiti ko magidanci a can, wanda ya je gaban hukumar ƙasarsa ya ce yana bukatar ma'aikaci daga waje, aka bincika aka ba shi izini. Shi ya nema, sunansa ne a kan takardar, kuma galibi shi doka ta ɗora wa biyan kuɗin. Don haka kafin mutum ya tambayi farashi, kamata ya yi ya san wane ne zai ɗauke shi aiki, wane aiki ne, kuma me zai same shi ranar da suka ɓata da mutumin.

Bahaushe ba baƙon tafiya neman abinci ba ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zango a Salaga da Kumasi. Masu niyyar hajji a ƙafa sun ratsa Chadi sun yada zango a Sudan, suna tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925 har su tara guzurin ƙarasawa Makka. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Mai Wurno da Gadarif. A wancan zamani, idan kana da mai masauki nagari ka gama da kowa. Wannan zamani ya wuce tun Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Har waɗanda aka haifa a zango, ba su san wani gida ba, suka wayi gari suna ɗaure kaya. Nijeriya ma ta yi wa baƙi irin wannan kora a 1983. Amma har yanzu da yawa daga cikinmu da tunanin mai masauki muke tafiya, alhali takarda ce ke mulki.

Takardun ma ba guda ɗaya ba ne. Akwai izinin shiga ƙasa, akwai izinin zama, akwai izinin yin aiki. Wasu ƙasashe sukan haɗa su wuri ɗaya, wasu sukan raba. Mutum yana iya shiga ƙasa ta halastacciyar hanya, jami'in filin jirgi ya buga masa hatimi ya yi masa maraba, amma ranar da ya karɓi ladan aikin yini ɗaya ya zama mai laifi. Wannan ramin ne ya fi cin mutanenmu.

Mu ɗauki Saudiyya, tunda can zuciyar mafi yawanmu take. Mai ɗaukar aiki, wato kafili, shi ke neman izinin kawo ma'aikata daga ma'aikatar ƙwadagonsu. Kamfanoni suna bi ta manhajar Qiwa, masu neman 'yan aikin gida kuma ta Musaned. A cikin izinin ana ƙayyade ƙasar da ma'aikacin zai fito da sana'ar da zai yi. Daga nan kafili ya wakilta wani kamfanin ɗibar ma'aikata a ƙasar da ake so. Shi ma'aikaci abin da ke kansa shi ne fasfo mai sauran kwana, gwajin lafiya a asibitin da suka amince da shi, takardar 'yan sanda da ke nuna ba shi da laifi, ɗaukar hoton yatsu, da tantance takardun karatu idan aikin na masu ilimi ne. Likita ko ma'aikaciyar jinya sai kamfanin DataFlow ya bi diddigin takardunsu har makarantar da ta ba su, sannan su sami rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar, wadda sau da yawa sai da jarrabawa. Idan mutum ya sauka, kafili ne zai fitar masa da igama, wato katin izinin zama, cikin kwana 90, kuma ba tare da ita ba babu asusun banki, babu layin waya na dindindin, babu kwanciyar hankali a kan titi.

Akwai abin da ejan ba zai taɓa karanta maka ba. Sashe na 40 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci, da kuɗin igama da sabunta ta, da na izinin aiki, da tikitin komawa gida idan kwantiragi ya ƙare. Riƙe fasfon ma'aikaci kuma haramun ne a dokarsu. To idan haka ne, miliyoyin da ake karɓa a hannun talaka a nan gida, na mene ne? Wani ɓangare ladan wahalar ejan ne, wannan kowa ya yarda. Amma mafi yawa kuɗin jahilcinmu ne ake ci, a raba tsakanin ɗan kamasho na unguwa, da ejan na birni, da wani a can da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Idan bizar ta fito, kada murna ta hana ka karanta ta. Ka nemi wanda ya iya Larabci ku zauna ku bi ta layi-layi. Akwai inda aka rubuta sunan mai ɗaukar aiki, akwai inda aka rubuta sana'a. Mai walda da aka ce masa kamfanin gine-gine zai yi wa aiki a Riyad, idan ya ga sunan mutum ɗaya a wurin sunan kamfani, ya kuma ga an rubuta direban gida ko makiyayi, to ya sani abin da aka rubuta shi zai tarar. Ejan zai ce masa wannan rubutu ne kawai, idan ya isa za a gyara. Wannan layi guda kuwa shi ke raba ma'aikata gida biyu. A ranar 14 ga Maris 2021 Saudiyya ta fara aiki da wani sassauci da ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, ya kuma nemi izinin fita ƙasar da kansa ta manhajar Absher. Sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da masu aikin gona da makiyaya ba, kuma a waɗannan ayyuka ne akasarin mutanenmu marasa takardun karatu ke faɗawa. Katar ta ɗan fi nisa, domin a 2020 ta soke sharaɗin neman yardar kafili kafin sauya aiki, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan mai aikin bai samar da su ba. Duk da haka ma'aikata a can ma suna kukan cewa abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban.

Sai kuma abin da ake kira firi biza, wadda matasa ke rububi a kanta saboda an ce musu babu mai takura musu, su nemi aikin da suka ga dama. A dokar Saudiyya babu biza mai wannan suna. Wani ɗan ƙasa ne ke da kamfani a takarda, ya nemi izinin kawo ma'aikata, ya sayar da izinin. Ka sauka ba shi da aikin ba ka. Ka fita ka nemi na kanka, kana biyansa duk shekara don ya sabunta maka igama, wani lokaci har da na wata-wata. Sashe na 39 na dokar ya hana ma'aikaci yi wa wanin kafilinsa aiki ko yin aikin kansa, saboda haka kullum a cikin laifi kake. Ranar da ka makara da biya, ko ya ga dama kawai, sai ya kai rahoton cewa ka gudu, abin da mazauna can ke kira hurub. Daga nan kai ne abin nema, shi kuwa yana gidansa.

Hanyar da ta fi kowace daɗewa ita ce a shiga da bizar umara ko ta ziyara a ƙi dawowa. Kowa ya san wani ɗan uwa ko wata 'yar uwa da ta zama takari ta haka, kuma gaskiya wasu sun gina gidaje da abin da suka samo. Amma a dubi rayuwar da kyau. Mutum yana Jidda ko Makka shekara goma, jin motar askarawa kawai ya isa ya tsinka masa zuciya. Ciwo ya kama shi yana tsoron asibiti. Wanda ya yi wa aiki ya hana shi kuɗinsa, ba shi da inda zai kai ƙara. Ya haifi 'ya'ya ba su da takardar ko wace ƙasa. Hukuncin wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a kai shi tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki yatsunsa a sa shi a jirgi. An yi manyan kame a 2013 da 2017, kuma yanzu da komai ya koma kan kwamfuta da hoton yatsa, canza suna a fasfo ba ya ɓoye kowa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne wanda son Harami ya kai shi, ƙarshe a haramta masa komawa na tsawon shekaru, ko da kujerar hajji ya samu.

Maganar mata ita ce ta fi nauyi. Yarinya ko bazawara da aka kai aikatau, wadda can ake kira shagala, ba ofis za ta ba, cikin gidan wani za a rufe ta. Idan ta dace da mutanen kirki, to ta gode wa Allah, kuma akwai su da yawa. Idan ba ta dace ba, wayarta ce abin farko da za a karɓe, sai fasfo. Tana aiki daga asuba har tsakar dare, a kai ta gidan uwar matar gida ta yi wanke-wanke, a kai ta gidan ƙanwa ta yi shara, duk a kan albashi ɗaya. Dokar Saudiyya ta ba 'yan aikin gida hutun kwana ɗaya a mako, amma wa zai shiga ɗakin girki ya duba? Idan ta ce ta gaji za ta koma gida, matar gida ta ce ta biya kuɗi masu yawa kafin a kawo ta. Ta kira ejan, shi kuma ya ce ta yi haƙuri ta cika shekara biyu, ko ya daina ɗaukar wayarta. A Afrilun 2020 wani mutum a Labanan ya sa hoton fasfon wata 'yar Nijeriya a Facebook yana neman mai sayenta a kan dala 1,000. Hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta tsoma baki, aka kama shi, aka ceto ta. Wannan an gani ne saboda ya fito fili.

Wasu na ganin maganin shi ne a hana tafiyar gaba ɗaya. Ghana ta gwada haka a 2017, ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma ta ƙasashen maƙwabta, inda babu mai rubuta sunan kowa. Ni a ganina darasin yana wurin Filifin. A 2006 ta ce ba za a ɗauki 'yarta aikin gida a ƙasa da dala 400 a wata ba. Jami'anta a ofisoshin jakadanci suna duba kwantiragi kafin ma'aikaciya ta bar gida, ta ƙulla yarjejeniya da Saudiyya kan 'yan aikin gida a 2013, daga baya ma ta kafa ma'aikata sukutum ta ma'aikatan da ke waje. Ba a daina zaluntar 'yan Filifin ba, amma mai zaluntar ya san akwai gwamnatin da za ta tambaye shi.

Kada masu digiri su ɗauka wannan matsalar marasa karatu ce. A Birtaniya ma bizar aiki a ɗaure take da mai ɗaukar aiki. Sai kamfanin da ke da lasisin gwamnati ya ba ka takardar ɗaukar nauyi, wadda ake kira CoS, sannan ka nemi biza, bayan jarrabawar Turanci da gwajin tarin fuka. Da aka buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a Fabrairun 2022, sai cinikin wannan takarda ya kankama. Takardar da kuɗinta a hukumance bai kai fam 250 ba a lokacin, kuma kamfani ne ke biya, mutane suka riƙa sayenta a kan dubban fam. Da yawa sun sauka suka tarar babu aikin, ko kuma awannin da ake ba su ba za su biya kuɗin haya ba. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Idan aka soke lasisin kamfaninka, kwana 60 ake ba ka ka sami wani ko ka tattara. A Maris 2024 aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, a ranar 22 ga Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukarsu daga waje. Duk wanda ya ce maka yau zai samo maka aikin kula da tsofaffi a Ingila daga nan gida, ƙarya yake yi. Sauran ayyuka kuma mafi ƙarancin albashin da ake nema ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya kai 41,700 a Yulin 2025. Jerin sunayen kamfanonin da ke da lasisi yana nan a shafin gwamnatinsu na intanet, kyauta, kowa na iya dubawa.

Amurka takan ba da biza 85,000 a shekara a rukunin H-1B na ƙwararru, masu nema sun ninka haka, kuma kamfani ne ke shigar da sunan mutum. Kanada a yawancin ayyuka sai kamfani ya nuna ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba. Jamus ta buɗe wata hanya a Yunin 2024 da ke ba mai sana'a ko ilimi damar zuwa ya nemi aiki har shekara ɗaya, idan ya cika maki ya kuma nuna abin da zai ci. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofa a 2022, ba ta buɗe ba sai Yulin 2024, wanda ke nuna ƙa'idojin nan kan juya cikin dare ɗaya. Ko a nan kusa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ka ba tare da biza ba, zama da aiki kuwa sai da takarda. 'Yan kasuwar Nijeriya da aka rufe wa shaguna a Ghana a 2019 da 2020 sun shaida haka. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake an ce zirga-zirgar jama'a za ta ci gaba kafin a cimma matsaya.

A nan gida doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadagon Nijeriya ta ce mai ɗibar ma'aikata sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wannan lasisi daban yake da na sayar da tikitin jirgi ko na kai mutane umara, kuma ofisoshi da yawa da ke tallar bizar aiki na biyun kawai suke da shi, idan ma suna da wani. Ma'aikatar tana da cibiyoyin wayar da kan masu niyyar fita a Abuja da Legas da Benin. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da ofishi a Kano. Amma mace a ƙauyen Jigawa ko Zamfara ba ta taɓa jin labarin wata cibiya ba. Wanda ta sani shi ne ɗan kamashon da ke zuwa har tsakar gidansu, yana gaishe da mahaifiyarta da ladabi, yana nuna hoton wata da ta tafi bara ta aiko da kuɗin rufin kwano. Muddin gwamnatocin jihohin Arewa ba su kai bayanin nan gidajen rediyo da masallatai da makarantun Islamiyya da harshen da mutane ke ji ba, to shi zai ci gaba da zama malamin kowa a wannan fanni.

Akwai kuma gyaran da ke hannunmu. Muna da magina da kafintoci da masu walda da masu gyaran lantarki da sanyi da suka ƙware ƙwarai, amma ba su da ko takarda ɗaya da ke shaida hakan, shi ya sa ake rubuta su a matsayin leburori a biya su kuɗin lebura. Ma'aikatar Ƙwadago tana yin gwajin sana'a ta ba da takarda, hukumar NABTEB ma haka. Watannin da matashi zai yi yana neman wannan takarda, yana koyon ɗan Larabci ko Turancin da zai karanta kwantiragi da kansa, sun fi masa amfani a kan watannin da zai yi yana sintiri a ofishin ejan. Idan lokacin tafiya ya yi, ya ga kwantiragin a rubuce kafin ya biya ko kwabo, da albashi da awannin aiki da masauki a ciki. Ya bar kwafinsa da na fasfo da lambar kafili a hannun wani a gida, ya kuma riƙe lambar ofishin jakadancin ƙasarsa a wani wuri da ba cikin waya ba. Ejan da ya ƙi faɗin sunan mai ɗaukar aikin, ko ya ce a tafi da bizar ziyara za a juya ta a can, ko ya ce a biya shi a asusun wani ba tare da rasiti ba, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Ku kuma 'yan uwa da kuka riga kuka isa, a Jidda kuke ko Doha ko Landan, kuna da haƙƙi a kanku. Hotunan da kuke aikowa su ne tallar da ta fi ta kowane ejan ƙarfi. Idan ƙanenku ko ƙanwarku ta kira tana neman hanya, ku gaya mata nawa ne albashin, nawa ke saura bayan haya da abinci da sabunta takarda, awa nawa kuke tsaye, kuma a hannun wa fasfonku yake a yanzu. Idan bayan ta ji duk wannan ta ce za ta zo, to ku taimaka mata ta zo ta ƙofar da doka ta sani.